Sabuwar Kwamfuta Ta Tashi, Wasa Ya Ƙi Buɗewa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da matasan Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Madina suka fi kawo mini bayan sun tara kuɗi, sun sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya a shagunan Circle da ke Akra ko sun yi odarsu daga waje, sun haɗa da hannunsu, sannan suka danna wasa ya ƙi motsi. Na jera su bisa yadda nake bin matsalar idan an ajiye mini kwamfuta a kan tebur a nan Akra, wato daga abin da ba zai ci maka ko pesewa ba zuwa abin da zai sa ka koma wurin mai kaya. Sunayen wuraren da ake dannawa na bar su yadda suke fitowa a allo, domin da su za ka neme su.

Kwamfutar tana kunnuwa, Windows ya hau lafiya, har kallon YouTube nake yi. Me ya sa wasa kaɗai yake ƙin buɗewa?

Domin hawan Windows ba ya gwada sabuwar kwamfuta. Lokacin da kake duba shafukan intanet, katin hoto kusan barci yake yi, wutar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba, RAM ɗin ma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a kanta, kaɗan ake taɓawa daga cikinsa. Da zarar an danna wasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ake neman direban katin hoto, wato manhajar da take haɗa Windows da katin, da ƙananan fayilolin Microsoft da aka gina wasan a kansu, da manhajar hana maguɗi, da izinin yin rubutu a cikin folda, da kuma wuta mai ƙarfi daga akwatin wuta, wato na'urar da take raba wa sassan kwamfuta lantarki. Idan guda ɗaya ya gaza, wasan ba zai tashi ba. Tsohuwar kwamfuta takan tara waɗannan abubuwa a hankali cikin shekaru ba tare da mai ita ya lura ba, sabuwa kuwa fayau take, kamar ɗakin da aka gama yi wa fenti ba a shigar da ko tabarma ba. A kwamfutocin da suka bi ta hannuna, abin da ba a saka ba ya fi abin da ya lalace yawa nesa ba kusa ba, saboda haka kada ka yi gaggawar zargin wanda ya sayar maka da kati.

To, ta ina zan fara bincike?

Ka fara da lura da yadda wasan yake mutuwa, domin nan amsar take. Idan wani saƙo ya fito, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka rufe shi, da harufansa da lambobinsa duka. Idan ba saƙo, sai dai maɓallin Steam, wato manhajar da ake saye da buɗe wasanni a cikinta, ya nuna wasan na tafiya, bayan ɗan lokaci ya koma “Play” kamar ba a taɓa shi ba, galibi wani fayil ne ya ɓace ko wata manhaja ta tare hanya. Idan allo ya yi baƙi amma kana jin sauti, maganar tana tsakanin katin hoto da monita. Idan kuwa kwamfutar gaba ɗaya ta mutu, ko ta sake tashi da kanta, ko shuɗin allo ya fito, to an bar zancen manhaja an shiga zancen wuta, zafi ko RAM.

Sharaɗi guda nake gindaya wa kowa: ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya sabunta BIOS, wato manhajar da take fara tayar da kwamfuta kafin Windows, ya sauya direba, ya kashe Windows Security duk a zama ɗaya, ko da wasan ya buɗe bai san abin da ya gyara ba, idan kuma abin ya ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba.

An ce in duba inda na soke wayar monita. Ba duk rami ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. A bayan akwatin kwamfuta akwai ramukan HDMI da DisplayPort a wuri biyu: na sama, kusa da ramukan USB, na madabod ne, wato babban allon da ake dasa komai a kansa, na ƙasa, waɗanda suke kwance a jere, su ne na katin hoto. Idan ka soke a na sama, kuma furosesarka, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana da ɗan ƙaramin katin hoto a cikinta kamar yawancin na Intel da Ryzen 7000, hoto zai fito tsaf, amma wasan zai iya ɗaukar wannan ƙaramin ya bar babban da ka kashe wa kuɗi. Wasu wasannin za su yi ta sarƙewa, wasu su ce katin bai cika sharaɗi ba, wasu su rufe shiru. Wannan kuskure ya kama manya ma, ba abin kunya ba ne. Ka mayar da wayar ƙasa, ka kashe ka kunna.

Ai Windows da kansa yake saka direba. Sai na sake sauke wani?

Sai ka sake. Abin da Windows yake sakawa sau da yawa tsoho ne, wani lokaci ma bai saka komai ba idan ba a haɗa kwamfutar da intanet ba. Ka danna dama a kan maɓallin Start, ka buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. Idan ka ga “Microsoft Basic Display Adapter”, babu direban katinka a kwamfutar, kuma babu wasan zamani da zai tashi a haka. Ka sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar katin, wato NVIDIA, AMD ko Intel, ka kuma zaɓi ainihin lambar katinka. Katunan AMD na jerin RX 400 da RX 500, waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, suna da nasu direban daban da na sababbin katuna tun ƙarshen 2023. Ka guji manhajojin da suke alkawarin saka duk direbobi da danna ɗaya, domin sukan ɗora wanda bai dace ba.

Idan faifan ajiyar daga tsohuwar kwamfuta ka ciro shi da Windows ɗinsa, ko ka taɓa gwada katin AMD sannan ka koma NVIDIA, ragowar tsohon direba zai iya hana sabon aiki. A nan ake amfani da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna DDU: a sauke sabon direba a ajiye, a cire intanet, a shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows yake tashi da mafi ƙarancin direbobi, a share tsohon da DDU, a tashi kwamfuta, sannan a saka sabon. Kada ka manta da direban cifset na madabod, wato abin da yake haɗa sassan da aka dasa a kansa, musamman a kan Ryzen. Mai katin Intel Arc kuma ya kunna Resizable BAR a BIOS, domin in babu shi katin yakan yi rauni ƙwarai.

Saƙon ya ce VCRUNTIME140.dll ko d3dx9_43.dll ya ɓace. In nemo fayil ɗin a Google in zuba?

Kada ka yi haka. Shafukan da suke raba fayilolin DLL ɗaiɗai hanya ce ta shigar da birus, kuma ko fayil ɗin lafiyayye ne, idan ka zuba mai bit 32 inda ake neman mai bit 64, sai ka sayo wa kanka sabon saƙo mai lamba 0xc000007b, wanda ya fi na farko wuyar sha'ani. Sunan fayil ɗin da kansa yana gaya maka kunshin da ya rage. VCRUNTIME140 da MSVCP140 suna cikin Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022, waɗanda Microsoft ya haɗe a kunshi guda. MSVCR120 na 2013 ne, MSVCR110 na 2012, MSVCR100 na 2010, kuma sabon kunshi ba ya maye gurbin tsoho, kowanne zaman kansa yake yi. Ka saka na x64 da na x86 duka biyun, ko da Windows ɗinka mai bit 64 ne, domin tsofaffin wasanni da manhajojin da suke buɗe su da yawa masu bit 32 ne.

Shi kuwa d3dx9_43.dll da XINPUT1_3.dll suna cikin tsohon kunshin DirectX na watan Yuni 2010. Mutane sukan yi mamaki a nan, su ce ai kwamfutarsu tana da DirectX 12. Gaskiya ne, amma DirectX 12 bai zo da waɗannan tsofaffin fayiloli ba, sai an saka su daban daga shafin Microsoft. Wasu tsofaffin wasannin suna neman .NET Framework 3.5 ko DirectPlay, kuma dukansu ana kunna su ne a wurin “Turn Windows features on or off”.

Wani mai gyara ne ya saka mini Windows “mai sauƙi”, ya ce ya fi gudu a wasa. Zai iya zama dalili?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi cin mini lokaci. Irin waɗannan Windows ɗin da wasu suka rage wa nauyi, an ciccire musu sassa ne ba tare da an gaya maka waɗanne ba: wani babu Microsoft Store da hidimomin Xbox, wani an kashe masa Windows Update har abada, wani an cire masa abin da yake kunna bidiyo, sai wasa ya mutu daidai lokacin da zai nuna bidiyon buɗewa. Wasu manhajojin hana maguɗi ma ba sa yarda da Windows da aka taɓa wa ciki. An taɓa kawo mini kwamfuta daga Mamobi, mai ita ya mayar da kati sau biyu ana canza masa, alhali katin bai yi laifin komai ba. Da aka saka Windows na asali, wasan ya buɗe a gwajin farko. Ana sauke Windows kyauta daga shafin Microsoft a ɗora a filas mai gigabait 8. Idan bugun da aka saka maka yana da harafin N a sunansa, shi ma babu sashen bidiyo, sai an ƙara masa Media Feature Pack. Ka kuma sani cewa Steam ya daina aiki da Windows 7 da 8 tun 1 ga Janairu 2024, Microsoft kuma ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.

Data tana da tsada, don haka daga faifan abokina na kwafo wasan. Shi yana buɗe masa, ni ya ƙi.

Kwafar wasa mai gigabait 80 ko 100 maimakon ƙona bandul dabara ce mai kyau, muddin kai ma ka mallaki wasan a asusunka. Sai dai foldar wasa kaɗai ba ta isa ba, domin a ranar farko da abokinka ya buɗe shi, Steam ya saka masa Visual C++, DirectX da manhajar hana maguɗi a wasu wurare na Windows, kuma waɗannan ba su biyo ka ba. Hanyar da ta dace ita ce ka zuba foldar a cikin steamapps\common, sannan ka danna Install a Steam. Zai gano fayilolin da suke nan, ya sauke abin da ya rage kawai. Daga nan ka shiga Properties, Installed Files, ka danna “Verify integrity of game files”. A manhajar EA sunan wannan “Repair”, a ta Epic kuma “Verify”. Idan kwamfutocinku biyu suna kan rauta ɗaya, tun 2023 Steam yana iya ɗauko wasa kai tsaye daga ɗaya zuwa ɗaya. Ka lura kuma da filas ko faifan da aka tsara da FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai a tsallake manyan fayiloli mutum bai ankara ba.

Idan kuwa wasan na fashi ne, irin wanda ake zuba wa mutane a shago, Windows Security yakan kama fayil ɗin da aka yi wa kutse ya killace shi, wasan ya ƙi buɗewa. Ba na ba kowa shawarar ya kashe kariyar kwamfutarsa saboda wannan, domin a irin waɗannan fayiloli ake ɓoye manhajojin satar kalmar sirri.

Wasan Valorant ya ba ni VAN9001 ko VAN9003, wani wasan ya ce Secure Boot a kashe yake. Mene ne wannan?

Manhajojin hana maguɗi na yanzu suna zama ne a can cikin zuciyar Windows, kuma suna neman tabbacin cewa ba a cusa wani abu kafin Windows ya tashi ba. Abubuwa biyu suke ba su wannan tabbaci, TPM 2.0 da Secure Boot. Valorant yana neman su a Windows 11, Battlefield 6 da ya fito a Oktoba 2025 ba ya buɗewa sai da Secure Boot, Call of Duty: Black Ops 7 kuma yana neman duka biyun. Ba sai ka sayi komai ba, domin TPM yana cikin furosesar zamani. A BIOS na AMD sunansa fTPM, a na Intel kuma PTT.

Kafin ka shiga BIOS, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layi biyu: “BIOS Mode” da “Secure Boot State”. Idan na farko ya ce UEFI, aikin mai sauƙi ne: ka kashe CSM a BIOS, wato saitin da yake bin tsohuwar hanyar tayar da kwamfuta, ka kunna Secure Boot. A wasu madabod za ka ga an rubuta a kunne yake amma Windows ya ce a kashe, saboda ba a ɗora makullansa ba, sai ka nemi “Restore Factory Keys” ko “Install Default Keys”. Amma idan layin ya ce Legacy, ka dakata. Ma'anarsa an saka Windows a faifai mai tsarin MBR, kuma da ka kashe CSM kwamfutar ba za ta ƙara ganin Windows ba. Sai an fara mayar da faifan GPT da umarnin mbr2gpt, ko a sake saka Windows ta hanyar UEFI, bayan an kwafe muhimman fayiloli. Wanda BitLocker, wato tsarin kulle faifai na Windows, yake aiki a faifansa ya nemo makullin ceto mai lambobi 48 daga asusunsa na Microsoft tun kafin ya taɓa waɗannan saituna. Akwai kuma tarko ga masu tsofaffin katunan da aka sauya wa BIOS don haƙar kirifto: da an kashe CSM sai allo ya ɗauke gaba ɗaya. Idan haka ta faru, a cire wuta, a cire batirin madabod na ɗan lokaci, saituna za su koma yadda suke.

Babu wani saƙo. Na danna, ya yi kamar zai buɗe, ya ɓace.

Windows yana rubuta abin da ya faru ko da bai nuna maka ba. Ka rubuta “Reliability” a wurin bincike ka buɗe tarihin da zai fito, ko ka shiga Event Viewer, Windows Logs, Application, ka nemi kuskure mai lamba 1000 a daidai mintin da wasan ya mutu. Layin da ake nema shi ne “Faulting module name”. Idan nvwgf2umx.dll ne, direban NVIDIA ne ya faɗi; idan atidxx64.dll ko amdxx64.dll ne, na AMD ne. Idan ntdll.dll ko KERNELBASE.dll ne, bai nuna mai laifi ba, ya nuna inda aka faɗi ne kawai, sai a ci gaba da nema.

Abu na gaba shi ne ka rufe duk manhajar da take leƙa cikin wasa: MSI Afterburner da RivaTuner, hoton Discord da yake fitowa a kan wasa, da manhajojin fitilun ado da suke zuwa tare da madabod, waɗanda masu sabuwar kwamfuta suke sakawa har uku ko huɗu a rana ɗaya. Ka duba Protection history a Windows Security ko an killace wani fayil, ka duba ko “Controlled folder access” ya hana wasan yin rubutu a Documents. Idan duk wannan bai yi ba, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayansa sfc /scannow.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na farko, idan ka rubuta sunan asusunka na Windows da harufa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ, ko da harufan Larabci, foldarka za ta iya ɗaukar wannan suna, kuma wasu wasanni, musamman tsofaffi, ba sa iya karanta hanyar da take ɗauke da irin waɗannan harufa. Ka buɗe sabon asusu da harufan Turanci zalla, marasa lanƙwasa, ka gwada. Na biyu shi ne agogo. Madabod na hannu yakan zo da mataccen batiri, ƙaramin nan CR2032, sai kwanan wata ya koma baya da shekaru, Steam da EA su kasa haɗuwa da sabarsu. Lokacin Gana a jerin Windows shi ne UTC+00:00 mai ɗauke da Monrovia da Reykjavik. Wanda ya zaɓi na Landan, agogonsa zai yi gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Allo ya yi baƙi amma ina jin sautin wasan.

Yawanci wasan ya zaɓi girman hoto ko saurin da monita ko talabijin ɗinka ba ya ɗauka. Ka danna Alt da Enter ya koma taga. Idan ya ƙi, ka sa -windowed a Launch Options na Steam, ko ka share fayil ɗin saitunan wasan da yake Documents ko AppData don ya ƙirƙiri sabo. Ka gwada wata wayar HDMI, ka kuma cire duk wani ƙaramin mahaɗi na VGA.

Da wasan ya fara, sai kwamfutar ta mutu ɗif ko ta sake tashi. Katin ne ya lalace?

Akwatin wuta nake fara zargi, domin shi ne wurin da mai haɗa kwamfuta yake rage kuɗi bayan kati da furosesa sun cinye aljihu. RX 580 yana jan wat 185, RTX 3070 wat 220, RTX 3080 kuwa wat 320, kuma NVIDIA ta ba da shawarar akwatin wat 750 ga wannan na ƙarshe. Ban da haka, katuna sukan yi fizgar wuta ta ɗan ƙiftawar ido da ta zarce waɗannan lambobi, kuma akwati marar suna da aka rubuta wa wat 600 a jiki ba lallai ne ya iya ba da su ba. Idan katin yana da ramukan wuta biyu, ka ja waya biyu daban daga akwatin maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Sabuwar mahaɗa mai fil 16 ta katunan RTX 40 da 50 a tura ta har sai ta shige gaba ɗaya, ba a bar ko ɗan tsagi ba. Kada kuma ka yi amfani da wayoyin wani akwatin wuta a jikin wani, ko da sun shiga, domin jerin fil ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma hakan yana ƙona kaya.

Sai maganar UPS, wato akwatin batirin da yake riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Tsoron dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya sa kusan kowa yana sayen ƙaramin nan na 650VA, wanda aka yi don kwamfutar ofis, ainihin ƙarfinsa kuma bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Yana riƙe kwamfutar wasa tana zaune, amma da kati ya buɗe wuta sai ya yi ƙara ya yanke. Ka soke kwamfutar kai tsaye a bango, ba ta doguwar wayar rabon wuta mai araha ba, ka gwada sau ɗaya. A Event Viewer irin wannan mutuwa tana fitowa da Kernel-Power mai lamba 41, sai dai abin da yake cewa kawai shi ne an mutu ba shiri, bai faɗi dalili ba.

Zafi shi ne na biyu. Ƙasan sabuwar na'urar sanyaya furosesa yana zuwa da siririyar leda, kuma ba mutum ɗaya ko biyu ba ne suka ɗaura ta da ledar. Ka buɗe manhajar HWiNFO ka duba zafin furosesa. Ryzen 7000 an ƙera shi ya kai digiri 95 idan aiki ya yi nauyi, na Intel kuma iyakarsu wajen 100, amma furosesar da take nuna 80 ko 90 alhali ba ta yin komai, ba a ɗaura mata abin sanyaya daidai ba, ko fankarta ba ta juyawa. Ga ɗakunanmu masu rufin kwano, ga ƙurar hunturu daga Disamba, sai ka ajiye akwatin a kan tebur inda iska take ratsawa.

Na kunna XMP don RAM ya yi cikakken gudu. Yana da hannu?

Zai iya. XMP, da takwaransa EXPO na AMD, tura RAM ne sama da gudun da aka tabbatar wa furosesa, kuma ba kowace haɗuwa ce take jurewa ba, balle idan sanduna huɗu ne ko an gauraya na kamfanoni daban. RAM marar natsuwa yakan bar Windows ya zauna lafiya, ya kuma kashe wasa da lamba 0xc0000005, ko ya lalata fayiloli lokacin saukewa har Steam ya yi ta cewa a sake. Ka kashe XMP ka gwada. Idan wasan ya buɗe, ka sabunta BIOS ko ka rage gudun kaɗan. Sanduna biyu a madabod mai ramuka huɗu galibi a rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su, wato A2 da B2. Idan kana shakkar sandar kanta, ka bar manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 ta kwana tana gwaji. Kuskure ko ɗaya ne, a gudun asali, ya isa a mayar da ita.

Katina sabo ne mai ƙarfi, amma wasa ya ce “Out of video memory”.

Idan furosesarka Intel ce ta zubi na 13 ko na 14, musamman i7 da i9, kuma saƙon yana fitowa ne lokacin da wasan yake shirya hotunansa a buɗewar farko, to mai yiwuwa ba katin ba ne. A 2024 Intel ta amince cewa wasu daga cikin waɗannan furosesoci suna neman wutar da ta wuce kima har su lalace a hankali, ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a Agusta, da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana zuwa ne ta sabunta BIOS, kuma madabod da ya daɗe a shago zai iya zuwa da tsohon BIOS. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya dawo da wadda ta riga ta lalace, don haka mai sayen irin wannan furosesa ta hannu ya yi hattara. Idan za ka sabunta BIOS, ka yi shi a kan UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe madabod.

Katin na hannu na saya. Yaya zan san ko shi ne ba shi da gaskiya?

Ka buɗe manhajar GPU-Z, wadda take nuna bayanan katin hoto. Akwai katunan jabu da suka daɗe suna yawo a kasuwannin duniya, tsofaffin GTS 450 da GTX 550 Ti da aka sauya wa suna suka koma GTX 1050 Ti ko 1060. Windows yana nuna sunan ƙarya, amma da wasa ya nemi ma'ajiyar da babu ita sai ya rufe. GPU-Z yakan rubuta “FAKE” a gaban sunan irin wannan kati, kuma idan ka ga ramin VGA mai shuɗi a jikin katin da aka ce GTX 1060 ne, kada ka saya. Kati mai alamar kuskure Code 43 a Device Manager bayan an saka direban da ya dace, mai yiwuwa an sauya masa BIOS ne ko yana gab da mutuwa.

Wani lokaci kuma katin na gaskiya ne, zamani ne ya wuce shi. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka duba “Feature Levels” a shafin Display. GTX 750 Ti ya tsaya a 11_0, alhali tun FIFA 23 mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570. Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya buɗewa sai a kati mai iya bin hasken nan da ake kira ray tracing, wato ya bar GTX 1060 da RX 580 a waje, kuma babu direban da zai canza hakan.

Yaushe zan haƙura in koma wurin wanda ya sayar mini?

Bayan ka saka Windows na asali da direban da ya dace, ka mayar da BIOS yadda ya zo, ka kashe XMP, sannan wasanni biyu ko uku daban suka ci gaba da mutuwa. Idan wasa ɗaya ne tak yake ƙi, sauran suna tafiya, galibi kayanka lafiya suke. Gwajin da ya fi yanke gardama shi ne musaya: ka sa katinka a kwamfutar aboki, ka sa nasa a taka, haka ma RAM da akwatin wuta, duk wanda matsalar ta bi shi, shi ne mai laifi. Kayan hannu a Tip Toe Lane da sauran shagunan Circle garantinsu na 'yan kwanaki ne, bisa yadda kuka yi magana da mai shago, saboda haka ka yi waɗannan gwaje-gwaje a makon da ka saya. Ka tafi da rasit, da hoton lambar jikin kayan, da ɗan bidiyon yadda matsalar take faruwa, ka kuma nemi a gwada wanda za a canza maka da wasa mai nauyi na minti 20 ko 30 a gabanka kafin ka fito daga shagon.